Mutumin da ke zaune bayan Fela: tarihin Tony Allen da makaɗan da ba a kiran sunansu

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Wanda kuma ba ya sauraron kiɗa, na girmama ra'ayinsa, amma tarihi ne zan bayar, ba gayyatar rawa ba.

Daren Asabar ɗin da ta wuce aka ɗauke mana wuta a ɗakin kwana nan Legas, zafi ya hana kowa barci, muka fito baranda mu shida. Mu huɗu 'yan Arewa, sai abokin ɗakina Bayerabe mutumin Oyo da wani abokinsa. Ɗaya daga cikinmu ya kunna Shata a waya, muka shiga cika baki kamar yadda muka saba, cewa duk Najeriya ba a yi kamarsa ba. Abokin ɗakin nawa ya saurara ya kai minti biyar bai ce komai ba. Can sai ya ce muryar ta yi, amma shi wanda ke riƙe da gangar nan ya fi burge shi, wane ne shi? Muka kalli juna. Mutum huɗu, daga Katsina da Kano da Zamfara, kowa ya haddace baitocin Shata tun yana yaro, amma aka yi tsit. Shi kuwa ɗan gidan makaɗa ne. A ƙasar Yarabawa duk sunan da ka ji ya fara da Ayan, irin su Ayanwale ko Ayantunde, to zuriyar masu ganga ce, kuma suna alfahari da hakan. Ya lissafo mana kakanninsa da irin gangar da kowanne ya riƙe. Wallahi na ji kunya.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan ke nan. Kuma zan fara da makaɗin da na fi so duk duniya, wanda aka haifa a garin nan da muke zaune.

An haifi Tony Oladipo Allen a Legas a 1940. Babansa Bayerabe ne, mahaifiyarsa 'yar Gana. Bai gaji kiɗa ba, bai kuma fara da wuri ba: sai da ya kai shekara 18 ya soma taɓa ganga, lokacin yana aikin gyaran kayan rediyo. A wancan zamanin kiɗan hailaif ne ke tashe a otal-otal na Legas, kuma ƙungiyar Victor Olaiya, Cool Cats, tana cikin manya. Nan Allen ya samu shiga, amma ba a kan ganga ba. 'Yan sanduna biyun nan da ake bugawa da juna don riƙe lokaci aka ba shi. Sai da mai gangar ya bar ƙungiyar sannan ya hau kujerar.

Bari in ɗan yi bayanin kayan, don wasunmu ba su taɓa ganinsu kusa ba sai a bidiyo. Jerin gangunan bature mutum ɗaya ke kaɗa su a zaune, da gaɓoɓi huɗu. Ƙafar dama tana taka babbar ganga mai gurnani. Hannun hagu yawanci yana kan ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta, mai ƙara tas-tas. Hannun dama yana yawo a kan farantan ƙarfe. Ƙafar hagu kuma tana taka wani abu da ke buɗe farantai biyu da aka kife da juna, ya kuma rufe su, shi ne hai-hat. To makaɗan hailaif na Legas a lokacin ba su damu da ƙafar hagun nan ba. Farantan na nan a rufe, ƙafar tana hutawa. Allen ya ba da labari cewa a mujallar jaz ta Amurka mai suna DownBeat ya ci karo da darasin Max Roach a kan yadda ake sarrafa hai-hat, ya kama gwadawa shi kaɗai har ƙafar hagu ta zama makaɗiya mai zaman kanta. Da faifan Art Blakey kuma ya yi ta gasa kunnensa. Blakey ɗin nan, shugaban Jazz Messengers, ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta, ya ɗauki suna Abdullah ibn Buhaina. Akwai na uku, Guy Warren na Accra wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, wanda tun 1956 ya fitar da faifai a Amurka yana haɗa jaz da gangunan gida. Daga waɗannan ukun Allen ya sha, ya haɗa da abin da kunnensa ya tashi da shi a titunan Legas: apala, juju, kiɗan Yarabawa na biki, da na dangin uwarsa na Gana.

A 1964 Fela, wanda bai daɗe da dawowa daga karatun kiɗa a Landan ba, yana neman mai gangar da ya iya jaz ya kuma iya hailaif. Ya gwada mutane bai gamsu ba sai da aka kawo masa Allen. Daga nan suka yi kusan shekara 15 tare. Sun fara da 'yar ƙungiyar jaz, suka koma Koola Lobitos, sannan a 1969 suka tafi Amurka suka yi wata goma cikin wahala, mafi yawa a Los Angeles. Kowa ya san ɓangaren Fela na wannan tafiya, yadda Sandra Smith ta buɗe masa ido da littafin Malcolm X da gwagwarmayar baƙaƙen fata. Ɓangaren Allen ba a cika faɗa ba. A can ya haɗu da wani makaɗin jaz, Frank Butler, wanda ya koya masa yin atisaye a kan matashin kai. Ganga in ka doke ta tana maido maka da sanda, matashi kuwa ba ya maidowa, don haka dole wuyan hannunka ya yi aikin duka. Wanda ya saba da matashi, in ya hau ganga ba ya buƙatar ƙarfi.

Nan ne asirin mutumin yake, a ganina. Ku nemi bidiyonsa ku kalla. Ba ya ɗaga kafaɗa, ba ya ɓata fuska, ba ya zufa kamar mai faskare. Zaune yake kamar mai shan shayi a majalisa. Amma ka rufe ido ka saurara, sai ka rantse mutum uku ko huɗu ne. Ƙafar dama tana ba da bugu biyu a jere, dum-dum, wani lokaci a farkon zagayen, wani lokaci ta bar farkon fanko ta faɗo a inda ba ka zata ba. Hannun hagu yana yayyafa ƙananan bugu a kan ƙaramar ganga, da yawansu a hankali ƙwarai, kamar raɗa. Hai-hat yana numfashi, ya buɗe ya rufe. Kowace gaɓa da zancenta, babu mai taka wata, kuma in ka haɗa su sai su ba ka abu guda mai tafiya kamar raƙumi, ba gaggawa ba tsayawa. A kiɗan rok na Turawa, ƙaramar ganga tana faɗowa a bugu na biyu da na huɗu, kullum, kamar soja na maci. Allen ya ƙi wannan. Shi ya sa waƙar Fela take kai minti 12 ko 15 ba ka gaji ba, domin ƙasan da aka ɗora ta a kai yana motsi koyaushe alhali bai sauya ba.

Kuma ga hujjar da ta fi ƙarfi a wurina. Fela mutum ne mai iko a ƙungiyarsa. Shi ke tsara wa kowa abin da zai busa ko zai kaɗa, daga mai jita har masu ƙaho, kuma ba a yi masa gardama. Mutum ɗaya ne bai rubuta wa ba: Tony Allen. Shi ke sauraron waƙar ya ƙirƙiro kiɗan da ya dace da ita. Fela da bakinsa ya amince cewa ba don Allen ba da babu Afrobeat. Faifai sama da 30 suka yi tare a zamanin Africa 70, ciki har da waɗanda har yau ake kunnawa a motocin danfo.

Duniya ta lura tun a lokacin. A Disambar 1970 James Brown ya zo Legas, mutanensa, ciki har da Bootsy Collins, suka je gidan rawar Fela suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Allen ya ce mai tsara wa Brown kiɗa ya zauna kusa da shi da takarda yana ƙoƙarin rubuta abin da ƙafafunsa ke yi. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, wanda a lokacin Turawa ke ɗauka ba kamarsa, ya tare a Legas, ya buɗe situdiyo a Ikeja, ya yi faifai da Fela a 1971. Daga baya Brian Eno ya ce wataƙila Allen ne mai ganga mafi girma da aka taɓa yi. Ni ban saba ɗaukar shedar Bature a kan kayanmu ba, amma wannan karon na yarda da shi.

To me ya raba su? Kuɗi da suna, abin da ya saba raba mawaƙi da makaɗinsa. Allen yana ganin tunda shi ke ƙirƙirar nasa ɓangaren, ya kamata a sa shi cikin masu haƙƙin waƙa. Fela bai yarda ba. Abin da ya yi masa shi ne ya bar shi ya fitar da faifai da sunansa da ƙungiyar: Jealousy a 1975, Progress a 1977, sai No Accommodation for Lagos. Ana cikin haka abubuwa suka dagule. Ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwanaki kaɗan bayan an rufe FESTAC, sojoji kusan dubu suka afka wa gidan Fela, Kalakuta, suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga bene, ta rasu a shekarar da ta biyo. Fela ya ƙara nitsewa cikin siyasa, ya kafa jam'iyya yana son takarar shugaban ƙasa a 1979, ga tarin mutane da ke cin abinci a jikinsa ba su busa komai ba. A 1978 suka je bikin jaz na Berlin, 'yan ƙungiya suna bin bashin albashi, ga raɗe-raɗin cewa kuɗin wasan siyasa za su tafi. Bayan wannan wasan ƙungiyar ta watse, Allen ya kama gabansa. Ku saurari faifan Fela na bayan nan, na Egypt 80. Suna da kyau, ba na musu. Amma wani abu ya yi nauyi a ƙasa, raƙumin nan ya koma doki.

Allen ya ɗan yi tasa ƙungiyar a Legas, a 1984 ya tafi Landan, daga nan ya zauna Faris. A tsakiyar shekarun 1980 ya fitar da faifan da ya sa wa suna N.E.P.A, yana yi wa hukumar lantarki shaguɓe, kuma mu da muke hira a baranda cikin duhu ba sai an fassara mana ba. Ya sha wuya shekaru kafin duniya ta sake waiwayarsa. Daga baya ya yi aiki da Damon Albarn, ya yi faifan girmama Art Blakey a 2017, ya yi wani da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu wanda ya fito a Maris 2020. Ranar 30 ga Afrilu 2020, ana tsakiyar kullen korona, ya rasu a Faris yana da shekara 79.

Na biyu a jerina Babatunde Olatunji ne, ba zan daɗe a kansa ba. Mutumin Ajido ne kusa da Badagry, an haife shi 1927, ya tafi Amurka karatu a 1950, kwalejin Morehouse da ke Atlanta. Ɗalibi ne kamarmu a garin da ba nasa ba, ya tarar da mutane suna ɗaukar Afirka dajin Tarzan, sai ya ɗauki ganga ya zama malaminsu. Faifansa Drums of Passion, wanda aka naɗa a 1959, shi ya fara shigar da gangar Yarabawa gidajen Amurkawa da yawa. Santana ya ɗauki kiɗa ɗaya daga ciki ya mai da shi Jingo a 1969. John Coltrane kuma wasansa na ƙarshe da aka naɗa, a cibiyar Olatunji da ke Harlem ya yi shi, Afrilun 1967. Ta fuskar gwaninta ba na haɗa shi da Allen, amma ƙofar da ya buɗe babba ce.

Na uku Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, kuma labarinsa ya fi na Allen ɗaci. A ƙarshen 1969 suna naɗar Funky Drummer, Brown ya sa kowa ya yi shiru ya bar mai ganga shi kaɗai na daƙiƙa kusan ashirin. Wannan ɗan gutsuren masu hip-hop suka yi ta yanka suna ɗora waƙoƙinsu a kai, waƙoƙi ɗaruruwa, har da Public Enemy. Tunda sunansa ba ya cikin marubutan waƙar, kuɗin bai bi ta gidansa ba. Ya rasu 2017.

Yanzu mu dawo gida, inda abokin ɗakina ya kama mu. Abin mamaki shi ne harshenmu ya fi na kowa girmama kiɗa a baki. Ba mu cewa mawaƙi Narambaɗa, sai mu ce Makaɗa Narambaɗa, Makaɗa Ɗanƙwairo. Da kayan kiɗansu ma muke rarrabe su: Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso, Jankiɗi taushi, Ɗan Anace da Shata kalangu, Barmani Choge ƙwarya, Ɗan Maraya kuntigi. Har sarauta akwai, Sarkin Taushi, Sarkin Kotso. Amma sunan yana tsayawa ne a kan shugaban ƙungiya mai jan baiti. Waɗanda hannunsu ke kan fata sai a dunƙule su a ce yaran wane. Kalmar makaɗi ma, da mutumin da sandar da yake dukan gangar da ita, rubutunsu ɗaya ne, kuma wani lokaci sai in ga kamar haka muka ɗauke su.

Alhali aikin mai kalangun Shata ba ƙarami ba ne. Kalangu fuska biyu gare shi, da tsirkiya da ta haɗa su. Mai kaɗawa yana matse shi a hammata, in ya matsa murya ta hau, in ya saki ta sauka. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, Yarabanci ma haka, shi ya sa kalangu da gangan da dundun suke iya magana, suke kiran mutum da takensa ya jiyo daga nesa ya san da shi ake. Mahauci ya ji nasa, ɗan dambe ya ji nasa tsikar jikinsa ta tashi tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Shata kuma an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Ka tuna me hakan ke nufi ga wanda ke bayansa. Bai san tsawon baitin da ke zuwa ba. Dole ya riƙe ƙasa daram, ya bar fili inda murya za ta shiga, ya cike gurbi in maigida ya tsaya jan numfashi, ya ɗaga wa 'yan amshi ƙafa su faɗo daidai. Wannan shi ne ainihin aikin da Allen ya yi wa Fela. Bambancin kawai, abin da Allen ya raba wa gaɓoɓinsa huɗu, a wurinmu an raba wa mutane ne: babban kalangu yana magana, ƙananan suna riƙe da zaren lokaci. Abokin ɗakina ya ce a wurinsu ma haka ne, iya ilu, wato uwar ganga, ita ke zance, 'ya'yanta suna tsare mata gida. Allen bai ƙirƙiro tsarin daga sama ba. Ya ɗauki abin da taron makaɗan Afirka ta Yamma ke yi ya zuba shi cikin jikin mutum ɗaya.

Dalilin da ya sa su suka riƙe sunayen namu suka zube, ina ganin matsayi ne. A Ede ta jihar Osun an yi sarki, Timi Adetoyese Laoye, wanda ya yi mulki daga 1946 zuwa 1975, kuma da kaɗa dundun duniya ta san shi, yana kan gadon sarauta yana rataya ganga. Ka kwatanta wannan da ƙasar Hausa, inda aka jera makaɗi cikin maroƙa, ana jin daɗinsa ranar biki, ana yi masa kyautar riga da doki, amma in ya zo neman aure a fara duban juna. Shata ya fasa wannan bango da ƙarfin baiwarsa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu 1999 ana ce masa Dakta. Bangon bai faɗi ga na bayansa ba. Malamai sun yi ƙoƙari, ba a ce ba su yi ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙar baka da Shata, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah. Mu ne ba mu karanta ba, mun tsaya a haddar baiti.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Tun da waƙoƙin finafinan Kano suka koma kan fiyano, yaro ɗaya a situdiyo yana danna maɓalli ya fitar da sautin kalangu na roba, mawaƙi ba ya buƙatar ɗaukar mutum biyar ya ciyar da su. Nan Legas ma Afrobeats ɗin da ake yayi yanzu, mai harafin s a ƙarshe, yawancinsa kwamfuta ce ke kaɗawa, sunan kawai ya ara daga na su Fela. Bambancin shi ne su sun naɗi Allen a bidiyo yana koyarwa, an rubuta tarihinsa da bakinsa tare da Michael Veal a 2013, ɗalibai a makarantun kiɗa na Turai da Amurka suna zama su kwance bugunsa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin da suka riƙe wa manyan mawaƙanmu kalangu da kotso kuwa, waɗanda suka rage suna ƙauyuka, kuma duk wanda ya tafi da hannunsa ya tafi.

Mu da ke nan muna da waya mai naɗar murya, muna da hutun ƙarshen zango, wasunmu ma suna neman abin da za su rubuta furojet a kai. 'Yan Musawa da Funtuwa da Maradun da Isa, ku ne kusa. Ni dai na yi wa abokin ɗakina alkawarin in mun dawo hutu zan kawo masa sunaye, shi kuma zai kai ni Oyo in ga gidansu.

Kafin nan, ga abin da zan roƙe ku. Ku sa abin kunne, ku kunna Water No Get Enemy ta 1975, ku manta da ƙaho da muryar Fela, ku bi farantan ƙarfen nan kawai daga farko har ƙarshe. In ta ƙare ku kunna Bakandamiyar Shata, ku yi mata haka, ku bar baitin ya wuce ku bi ƙaramin kalangun da ke can ƙasa. Ni sau uku na yi daren jiya, shi ya sa na makara lakcar ƙarfe takwas.